Yadda na shiga binciken cutar mantuwa a Ingila, daga rajista har zuwa cikin na'urar MRI

Inna ta rasu a Zariya a 2021, bayan ta yi kusan shekara shida da abin da a gida muke kira gigin tsufa. Sallah ce ta fara nuna mana. Za ta idar da la'asar, ta shafa addu'a, ta naɗe darduma, kafin a jima sai ka ji tana cewa a miƙo mata buta, rana za ta faɗi ba ta yi sallah ba. Zuwana na ƙarshe ta riƙe hannuna tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina firamare. Kowa cewa yake tsufa ne, wasu kuma na raɗa cewa hannu aka sa mata, sai can a ƙarshe wani likita ya kira abin da sunansa, cutar mantuwa, ya ce alamun sun fi kama da nau'in da ake kira Alzheimer. Ni kuwa ina zaune a arewacin Ingila kusan shekara talatin, shekaruna sun kusa sittin, kuma tun bayan rasuwarta duk ranar da na nemi makulli na rasa sai gabana ya faɗi. Da wannan tsoron na shiga binciken, kuma gara in faɗa tun yanzu cewa niyyata ta farko ita ce a duba min ƙwaƙwalwata kyauta a gaya min ko hanyar Inna zan bi. A nan na fara kuskure, kuma yawancin ruɗanin da na shiga daga baya daga wannan tunanin ya fito.

'Yata ce ta nuna min rajistar da ake kira Join Dementia Research. Hukumar binciken lafiya ta ƙasar, NIHR, ce ta buɗe ta a 2015 tare da ƙungiyoyi uku, Alzheimer's Society da Alzheimer's Research UK da Alzheimer Scotland. Duk wanda ya kai shekara 18 yana iya sa sunansa, ko yana da cutar ko lafiyarsa ƙalau, don masu bincike suna buƙatar masu lafiya da za su kwatanta da marasa lafiya. Wata Lahadi da yamma a ƙarshen 2022 muka zauna a gaban kwamfuta muka cike. Suna, ranar haihuwa, adireshi, cututtukan da kike da su, magungunan da kike sha, asalinki, da irin nisan da za ki iya zuwa. Bai kai minti talatin ba, kuma ba a biyan ko kwabo. Wanda bai iya intanet ba yana iya yi ta waya. Na zaci cikin mako za a kira ni. Shiru. Abin da ya fara zuwa saƙonnin imel ne na binciken da ake amsa tambayoyi daga gida, na yi guda biyu, ɗaya a kan barci. Sai da aka yi wata huɗu kafin saƙon da nake jira ya zo, daga wata jami'a mai nisan tafiyar minti arba'in a jirgin ƙasa, suna neman masu shekara 50 zuwa sama waɗanda ba a taɓa ce musu suna da cutar ba, za su bi su shekara da shekaru. Rajistar dai haɗa ki take da masu nema, ba ta ɗaure ki da komai, kuma idan ba a neme ki ba yawanci shekarunki ne ko nisan garinki bai dace da abin da ake nema a lokacin ba.

Wata matashiya mai bincike ta kira ni muka yi kusan rabin awa. Ta tambayi ko na taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko farfaɗiya, ko buguwa mai tsanani a kai, ko akwai ƙarfe a jikina, ko ina jin tsoron matsattsen wuri. Ta tambayi shekara nawa na yi a makaranta, da yaren da na fara ji a duniya. Sai ta kawo sharaɗin da ban yi tsammani ba: dole in zo da wani da ya san ni sosai, wanda yake ganina a kai a kai, domin shi ma za a yi masa tambayoyi a kaina. Na ce sai na yi shawara da maigida. Washegari ta turo takardar bayani mai shafi goma sha biyu, ta ce in karanta a tsanake, ba za su neme ni ba sai bayan mako guda.

A cikin makon ne na yi waya da Yayana a Zariya. Da na gaya masa sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Ke yanzu kanki za ki kai musu su yi gwaji da ke? Kin manta abin da ya faru a Kano?" Ban manta ba, kuma ban ga laifinsa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa da yara 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a, iyaye suna cewa ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba. Duk Bahaushen da aka yi wa maganar bincike wannan ne ke fara faɗo masa. Na ce, "Yaya, bari in karanta maka abin da suka rubuta." Tambayoyinsa ne suka koya min yadda ake karanta irin wannan takarda. Magani za a ba ki ko kallo kawai za a yi? Nawa na kallo ne, babu ƙwaya babu allurar magani. Wa ya ba su izini? Akwai sunan kwamitin ɗa'ar bincike na NHS, wato hukumar da ke kula da asibitocin gwamnati a Ingila, da ya amince, da lambar amincewar. Idan kin fasa fa? A rubuce yake cewa ina iya fita duk ranar da na so ba tare da na ba da dalili ba, kuma hakan ba zai taɓa kulawar da nake samu a asibiti ba. Jininki ina za a kai shi? Za a cire sunana a sa lamba, a ajiye, kuma ana iya raba shi da wasu masu bincike har a ƙasashen waje. A wannan ya daɗe yana jinjinawa, ni ma haka. A ƙarshe ya ce in yi istihara, na yi.

Ranar da suka fara ba ni ta faɗo cikin azumin 2023, wanda aka fara a ranar 23 ga Maris. Na ji nauyin cewa a ɗaga, amma da na faɗa sai ta ce su ma sun fi son haka, domin yunwa da ƙarancin barci suna rage makin mutum a gwajin tunani. Aka mayar da shi watan Mayu, bayan sallah. Aka ce in zo da safe ban karya ba saboda jinin da za a ɗiba, in taho da tabarau, da jerin magunguna, da sunan likitan unguwarmu. Ni da Alhaji muka isa ƙarfe tara saura. Awa ta farko duk a kan takardar amincewa ta tafi. Layi-layi ne, kowane layi da akwatinsa da za ki sa harufan farko na sunanki: na yarda a ɗebi jini, na yarda a duba ƙwayoyin gado, na yarda a sanar da likitana, na yarda a sake nemana. Wasu layukan dole ne, wasu zaɓi. A nan na yi tambayar da ta kawo ni, na ce yaushe za a ba ni sakamakona. Ta ajiye biro ta dube ni, ta ce ba za a ba ni ba. Ba makin gwajin tunani, ba hoton ƙwaƙwalwa, ba sakamakon ƙwayar gadon da ake kira APOE. Abin da kawai za su yi shi ne, idan suka ci karo da wani abu da ke buƙatar magani, kamar ƙari ko jijiyar jini da ta kumbura, za su rubuta wa likitana. Maganar tana cikin takardar da na karanta, a shafi na bakwai, amma idona ya tsallake ta don zuciyata ba ta so. Na ji hawaye sun cika min ido. Ta kawo min ruwa, ta yi bayani a hankali: ƙwayar APOE iri uku ce, mai nau'in e4 haɗarinsa ya fi yawa, amma mutane da yawa suna da ita har su tsufa ba su kamu ba, wasu kuma ba su da ita sun kamu. Haka furotin ɗin amiloyid da tau da suke aunawa a jini, suna iya fara taruwa shekaru da yawa kafin wata alama ta bayyana, kuma samunsu a jikin mai lafiya bai nuna tabbas zai kamu ba. Ta ce idan mantuwa tana damuna da gaske, wurin likitan unguwa zan je ya tura ni asibitin masu matsalar mantuwa, wannan hanyar daban ce da tasu. Alhaji ya ce, "Hajiya, in ba ki so mu koma gida." Na yi shiru na ɗan lokaci ina tuna Inna da butarta, sannan na sa hannu.

Bayan an ɗebi jini kwalba shida an ba mu shayi da burodi, aka raba mu. Shi aka shiga da shi wani ɗaki ana tambayarsa ko ina maimaita magana, ko ina ɓata a hanyar da na sani, ko na daina iya lissafin cefane. Ni kuma aka zaunar da ni gaban wani saurayi mai agogon ƙidaya a hannu. Gwajin farko shi ne wanda ake kira MoCA, wanda likita Ziad Nasreddine ya ƙirƙira a Montreal ta Kanada, maki 30 ne, minti goma yake ɗauka. Ki zana agogo da lambobinsa da hannayensa, ki kwafi wani akwati, ki riƙa cire bakwai daga ɗari, ki riƙe kalmomi biyar da za a sake tambayarki bayan ɗan lokaci. Ba zan faɗi kalmomin ba don kada in ɓata wa wani gwajinsa. Inda na tsaya cak shi ne hoton dabbobi. Na ga dabbar, bakina ya ce karkanda, amma sunanta na Turanci ya ƙi zuwa sai da na yi daƙiƙu ina lalube. Lissafin ma da Hausa nake yinsa a zuci, casa'in da uku, tamanin da shida, sannan in juya shi in faɗa. Da aka ce in kawo duk kalmomin da suka fara da wani harafi cikin minti ɗaya, na Hausa ne suka yi ta tururuwa suna tare wa na Turancin hanya. Daga nan aka shiga dogayen gwaje-gwaje na kusan awa biyu, labari da za ki maimaita, lambobi gaba da baya, wasu a kan allon kwamfuta. An tsara su ne su yi ta ƙara wuya har sai kin kasa, kowa sai ya kai inda zai kasa, amma ba wanda ya gaya min haka sai da na fito jikina a sanyaye ina cewa shi ke nan, ta tabbata. Na gaya wa saurayin maganar karkanda, ya rubuta a gefen takarda, ya ce irin wannan bayanin suna buƙatarsa ƙwarai.

A jirgi muna komawa na yi ta tunanin yadda Inna za ta yi da wannan gwajin ko a lokacin da take garau. Matar da ta sauke Alƙur'ani, take riƙe lissafin adashin mata ashirin a ka, amma ba ta taɓa riƙe fensir ta zana akwati ba. Da an ce ta faɗi. Daga baya na karanta cewa likitocin Ibadan sun daɗe da gane wannan matsala. Tun 1992 aka fara wani babban bincike da ya kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fata na Indianapolis a Amurka, kuma a cikin aikin ne suka fito da gwajin da ake jera tsinken ashana huɗu a ce tsoho ya kwaikwayi siffar, maimakon zane da biro. Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna cutar ta fi saurin kama na Indianapolis fiye da na Ibadan, wasu sakamakonsu kuma sun nuna alaƙar e4 da cutar ba ta yi ƙarfi a Yarabawa kamar yadda ake gani a Turawa ba. Wannan ne ya sauya min tunani gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 57 ne ke da cutar mantuwa a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, amma ma'aunin da ake auna mu da shi yawanci a kan wasu aka gina shi. A ɗakin jiran nan, zuwana uku, ban ga baƙar fata ko ɗaya ba sai ni da Alhaji.

Hoton MRI, wato hoton ƙwaƙwalwar, aka sa bayan mako uku. Ranar farko na ɗauki hutu a wurin aiki, na sayi tikiti, ina kan dandamalin jirgi aka kira ni cewa na'urar ta samu matsala. Raina ya ɓaci, don hutun ya riga ya tafi. Suka ba da haƙuri, suka biya kuɗin tikitin, aka sa wata rana. Tun daga nan nake kira da safe in tabbatar kafin in fita. Na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, ba ta amfani da irin hasken da ake hoton ƙashi da shi, shi ya sa tambayoyinsu duk a kan ƙarfe suke: na'urar bugun zuciya, ƙarfen tiyata, ɓarɓashin ƙarfe a ido. Abubuwa uku suka shafe ni waɗanda takardarsu ba ta ambata da sunan da na sani ba. Fil ɗin hijabi da na gashi duk sai an cire. Kwallin da na sa da safe aka ce in wanke, domin wani kwallin yana da ƙarfe a ciki kuma yana ɓata hoton wajen ido. Sai haƙorin Makka da na sa tun aikin hajjina, wanda ma'aikaciyar ta leƙa ta tambayi da me aka yi shi, ta je ta yi shawara, ta dawo ta ce ba komai. Tun a waya na roƙi mace ta shirya ni, aka yi min haka, kuma aka bar ni da hular auduga marar ƙarfe a kaina. Aka kwantar da ni, aka toshe min kunne, aka rufa min wani abu kamar keji a fuska mai ɗan madubi, aka damƙa min ƙwallon roba da zan matsa idan ina son a tsaya. Ƙarar kamar injin niƙa ne a ce kin sa kai a cikinsa, tana sauya kiɗa duk bayan 'yan mintuna. Minti biyar na farko numfashina ya yi sama, yatsana yana kan ƙwallon. Na rufe ido na kama salati da istigfari, a hankali jikina ya saki. Akwai wani sashe da aka ce in buɗe ido in kalli wata alama, in bar zuciyata ta yi yawonta ba tare da na riƙe wani abu ba, a nan na dakata da zikirin. Minti hamsin aka yi.

Abu biyu na ƙi, kuma ba wanda ya canza min fuska. Na farko ɗibar ruwan ƙashin baya, inda ake sa allurar kashe zafi a ƙugu a zuƙi ɗan ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa da laka. Likitar ta yi bayani cewa ana soka allurar ne ƙasa da inda lakar ta ƙare, kuma abin da aka fi samu bayansa ciwon kai ne na 'yan kwanaki. Na gamsu da bayaninta, amma zuciyata ba ta kwanta ba, na bar akwatin babu komai. Na biyu tambaya ce ko zan so a ba ni bayani kan bayar da ƙwaƙwalwa bayan mutuwa. Na ce a'a saboda yadda muke gaggauta suturta mamaci. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malamin da ya yarda da shi tun kafin ranar, kada tambayar ta same shi ba shiri kamar yadda ta same ni.

Ta fuskar kuɗi, ba a biyan mutum lada. Suna mayar da kuɗin jirgi ko na mai da na ajiye mota, na ni da na Alhaji, suna ba da abincin rana, kuma a ƙarshen zagayen aka ba ni katin sayayya na fam 20. Sai an cike fom an haɗa da rasit, kuma nawa na farko ya yi mako shida kafin ya shigo banki domin na yar da rasit ɗaya. Yanzu ina ɗaukar hoton kowanne da waya tun a tasha. Ranakun aiki biyu da rabi da na rasa ba wanda ya biya su.

Kwana goma bayan zuwan farko sai ga wasiƙa daga likitan unguwarmu yana nemana. Gabana ya yanke ya faɗi, na ɗauka sun ga wani abu a kaina. Ashe awon hawan jinin da aka yi min sau uku a ranar ne ya yi sama, suka rubuta masa kamar yadda na sa hannu. Aka ba ni na'ura na yi ta aunawa a gida mako guda, aka tabbatar hawan jini ne, na fara shan magani. Ban san ina da shi ba. Likitan ne ya fara yi min maganar cewa hawan jini yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston ya lissafa irin waɗannan abubuwa 14, har da ciwon suga, da raunin ji, da raunin gani da ba a yi wa magani ba, da shan taba, da kaɗaici, da rashin motsa jiki, ya ce magance su na iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na masu kamuwa. Inna ta yi shekaru da hawan jini tana shan magani sai ranar da kanta ya yi ciwo, kuma kunnenta ya yi nauyi tun kafin mantuwar ta fara. Ba mu taɓa haɗa su ba.

Mai niyyar shiga, tambayar da zan so ya fara yi tun a wayar farko ita ce me za a gaya masa, me ba za a gaya masa ba, domin kowane bincike da tsarinsa, wasu suna bayar da sakamako bayan an zauna da mutum an shirya shi. Ya tambaya kuma ko na kallo ne ko na gwajin magani, don na maganin nauyinsa daban ne da haɗarinsa. Kada ya je intanet ya yi bitar gwajin kafin ranar, zai ɓata musu aiki ne kawai. Ya faɗi yarensa na farko da irin karatun da ya yi, har da na allo, ya sa a rubuta. Wanda zai raka shi ma ya san ba zuwa ɗaya ba ne, duk shekara za a neme shi. Wanda yake Najeriya kuma aka zo masa da maganar bincike, yana da haƙƙin ya ga shaidar amincewar kwamitin ɗa'a na asibitin, a yi masa bayani da Hausa, a ba shi kwafin abin da ya sa wa hannu ya tafi da shi gida.

Na koma zagaye na biyu a 2024, gwaje-gwajen iri ɗaya da wasu kalmomi daban, wannan karon ba tare da kuka ba. Da na gaya wa Yaya labarin wasiƙar likita, ya sa ɗansa ya saya masa na'urar awon jini a Sabon Gari. Nasa ma ya hau, yanzu duk Juma'a bayan masallaci yake turo min hoton lambobin.